Makullin Mai Kwano

Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ta gabato, 'yan kasuwar Kudu da ke layinmu a Azare sukan rufe shaguna su tafi gida. Kafin su tafi, kowa yana da Bahaushensa da yake bar wa makulli. Ba a rubuta komai, ba a kiran shaida. Mutum zai miƙo maka ya ce sai ya dawo, kai kuma ka ce Allah ya kiyaye hanya. Aikinka ka riƙa buɗe shagon yana shan iska, ka duba ko ɓera ya yi ɓarna, idan kuma mai ginin ya zo da wata magana, kai ne bakin wanda ya tafi. Idan ya dawo da motar sababbin kaya, ya kawo maka tsarabar manja da garin kwaki, ka mayar masa da makullinsa. Ni na Mai Kwano nake riƙewa.

Haka duk layin ke kiransa, don kwanuka da tukwane da farantai yake sayarwa. Ibo ne, amma tun yana saurayi ya zo Azare, Hausa ta zauna a bakinsa har baƙar magana ya iya. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, inda nake sayar da littattafan addini da turare da carbi. Yana ce mini Malam, ni kuma in ce masa maƙwabci, sai in ina son tsokanarsa nake ce masa Oga. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga, yawanci a kan kwalayensa da ke tare mini ƙofa, kuma yawanci ni ne mai tayar da jijiyar wuya. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban taɓa ɓoye wannan ba. Shi kuwa sai ya bari in gama zubar da abin da ke cikina, sannan ya tambaye ni ko na ci abinci.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garinmu ne, wata Disamba, ya miƙo mini makullin kamar kullum, ya ce da an shiga sabuwar shekara zan gan shi. Aka shiga sabuwar shekara, ban gan shi ba.

Sai na koma baya kaɗan, don abin ya samo asali ne daga wani karatu da ya ɗauko.

Wata rana da hantsi, kasuwa ba ta buɗe sosai ba, na riƙa jin gunaguni ta bango. Na ɗauka addu'a yake yi, na ƙyale shi. Da abin ya ƙi ƙarewa sai na leƙa. Na same shi tsaye, faranti a hannu ɗaya, wani ɗan littafi a ɗaya hannun, yana ta maimaita wasu kalmomi da ba Turanci ba ne, ba kuma yarensu ba. Na tambaye shi ko lafiya, ko kwanukan ne suka fara amsa masa. Ya yi dariya ya ce karatu yake yi ta gidan waya, daga wata makarantar addininsu da ke can Kudu. Ya ce ashe littafinsu, ɓangaren da ya fi karantawa, ba da Turanci aka fara rubuta shi ba, da Girkanci ne, irin na mutanen da. Ya ce ya daɗe yana kallona ina buɗe nawa littafin ina karanta shi da harshen da ya zo da shi, shi kuma ga shi ya fara furfura yana karanta fassara. Wallahi maganar ta shige ni. Ban nuna masa ba dai, na ce to ai sai ya dage.

Inda ya maƙale shi ne ƙirga. Ya ce mutanen nan ba su da tausayi, ɗaya kaɗai iri uku gare su. In namiji ne ka ce hes, in mace ce ka ce miya, in kuma abin da ba namiji ba ba mace ba ne ka ce hen. Kowace a cikinsu kuma tana sake riga gwargwadon inda ta tsaya a jimla, ko ita ce mai yin aiki, ko ita aka yi wa, ko ita ce mai abu. Biyu ba ta cika fitina ba. Uku da huɗu suna da fuska biyu biyu. Daga biyar ne kawai suke barin mutum ya huta, ba sa canzawa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce wannan ne wahala? Ya zo ya ga Larabci, inda daga uku zuwa goma lambar namiji ke ɗaukar alamar mace, ta mace kuma ta ajiye tata. Na sha bulala a zauren malaminmu a kan wannan, har yau in na tuna sai bayana ya motsa. Ko mahaifiyata, Bafulatanar Bulkachuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, in shanu biyu take nufi ɗiɗi za ta ce, in mutane biyu ne ta ce ɗiɗo, kuma ba ta taɓa haɗa su ba. Mu Hausawa ne kawai Allah ya hutar, ɗayarmu ɗaya ce ko a kan raƙumi ko a kan allura. Ya ce to tunda na iya cika baki, in zo in koya masa.

Ni ban san ko harafi ɗaya na Girkanci ba, har yau kuma ban sani ba. Amma na san yadda ake cusa wa mutum nahawu, don an cusa mini. Na ɗauko kofi na ce wannan shi ne namiji, na ɗauko tukunya na ce ita ce mace, cokali kuma ya tsaya a matsayin na ukun nan da ba shi da jinsi. In na ɗaga kofi ya ce hes, in na ɗaga tukunya ya ce miya. In ya kuskure sai in buga cokalin a murfin tukunya, ƙau, duk layi ya ji. Ya rubuta kalmomin da alli a jikin katakon da yake jera kaya, ya karanta mini su na haddace da ka, na koma ni ke kama shi. Mata masu sayen kayan ɗaki sukan tsaya su yi ta kallonmu, manya biyu da furfura suna wasa da cokali. Biyar kuwa, wato pente, ita ce ta kayar da ni. Harafin farkonta ba ya fita a bakina, sai in ce fente, shi kuma ya samu abin ramuwa, ya ƙwace cokalin ya buga mini.

Akwai wata Litinin da ba na mantawa. Ya shigo shagona fuska a murtuke, ya ce ya kwana biyu da wata matsala. A wurin da littafinsu ya ba da labarin wata safiya da ta fi kowace daraja a wurinsu, maimakon a ce rana ta farko a mako, sai aka sa miya, wato ɗaya ta mako. Alhali suna da kalmar farko, ya nuna mini ita a takarda kamar zan gane. Ya fara zargin ko kuskuren ɗab'i ne, kuma abin ya dame shi ƙwarai, don ba ya son ya ji an ce akwai kuskure a wurin. Na tambaye shi wace rana ce. Ya ce Lahadi. Na ce haba Oga, shekara nawa kana cewa Lahadi a garin nan? Ai daga ahad ta fito, ɗaya ke nan. Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ƙirga muke yi kullum ba mu sani ba. Ya zauna a kan buhun dardumata, abin da na hana shi sau da yawa, yana lissafawa da yatsu. Daga baya darasin da aka aiko masa ya ce salon ƙirgar Yahudawa ne ya shiga Girkancin, ya zo ya karanta mini yana murna kamar shi ya gano. Na ji daɗi ranar, ba kaɗan ba.

Da Disamba ta zo ya ce in ya je gida zai zauna jarrabawa, don a ba shi shaidar da zai riƙa koyar da manya karatu a cocinsu na nan Azare. Na ce in ya faɗi kada ya dawo mini layi, ya zubar mini da mutunci. Muka yi dariya, ya ba ni makulli.

To, bayan Kirsimeti sauran 'yan Kudu suka fara dawowa. Kullum sai ka ji mota ta tsaya, ana sauke kaya, ana rabon manja. Ni ina zaune ina miƙa wuya. A lokacin an yi ta samun tashin hankali a wasu garuruwa, ba a namu ba, amma labari yana zuwa, kuma akwai waɗanda suka tafi Kirsimeti ba su sake waiwayo Arewa ba, sai dai su aiko a kwashe musu kaya. Nan da nan layi ya yanke hukunci, aka ce Mai Kwano ma ya gudu. Wannan kalma ta gudu ita ta hana ni sukuni. Ya gudu daga wa? Daga ni? Mutumin da ya ci tuwo a zaurena, wanda ranar da aka haifi autata shi ya fara kawo kwanon wanka?

Na kasa zama wuri ɗaya. In na buɗe shagona sai in buɗe nasa, in goge kwanukan da na goge jiya, in koma nawa, in sake fitowa. Mai saye zai tambayi turare in miƙa masa carbi. In na ji ƙarar babbar mota sai in bar ciniki a tsakiya in leƙa. Na je tasha na tambayi direbobin da ke zuwa Kudu, suka ce su ba su san shi ba. Na je wurin masu kiran waya a ƙarƙashin lema, na sa aka yi ta gwada wata lamba da wani ɗan garinsu ya ba ni, aka ce ƙauyensu babu sabis. A gida ma uwar 'ya'yana ta ce in ba zan daina yi wa mutane tsawa a kan gishirin miya ba, in koma kasuwar in kwana da kwanukan. Tela da ke gaba da mu ya ce, cikin wasa, ai sai in fara raba tukwanen, ya sa hannu a babba. Na yi masa wankin babban bargo a gaban mutane, har sai da aka shiga tsakani. Mun yi wata guda ba ma gaisawa.

Ana cikin haka sai Alhaji, mai ginin da shagunanmu suke ciki, ya zo. Dattijo ne mai sanyin hali, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zauna muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce shekarar hayar maƙwabcina ta ƙare, ga kuma ƙanen matarsa yana neman wurin da zai buɗe shagon wayar hannu, kullum yana masa sintiri. Ya ce ba ya son ya fasa ƙofar mutum ba ya nan, shi ya sa ya zo wurin mai riƙe da makulli.

Na ce, “Alhaji, zai dawo. Ni na tsaya masa.”

Ya ce, “Malam, in tsoro ne ya riƙe shi fa? Ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro.”

Na ce, “Ba ya tsoronmu. In ya tabbata tsoro ne, ni da kaina zan kwashe kayan in kawo maka makulli, kuma kada ka sake yarda da maganata.”

Alhaji ya dube ni ya ce bai nemi rantsuwa ba, amma ya ji. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Da ya tafi sai na ga ni kaina ban san abin da na dogara da shi ba. Na shiga shagon Mai Kwano na tsaya ina kallon rubutun allin nan da ba na iya karantawa. Na san dai na farko hes ne, na biyu miya, na uku hen, don na ga lokacin da ya rubuta su.

Har cocinsu na je, abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a bakin ƙofa na sa aka yi mini sallama da faston. Ya fito ya karɓe ni da mutunci, ya ce abin da ya sani kawai shi ne mutumin yana nan lafiya, shi da iyalinsa. Maimakon hankalina ya kwanta sai raina ya ƙara ɓaci. Wato yana can lafiya lau yana cin sakwara, ni ina nan ina faɗa da tela a kansa. Na dawo ina ta shirya maganganun da zan gaya masa, ina gyara su a hanya, wasu ma da ƙarfi nake faɗa har mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya waiwayo.

Zafi ya fara shigowa, watan da Alhaji ya ba ni ya kusa ƙarewa. Wata rana bayan la'asar ina auna wa wani turare, sai na ji mota tana ja da baya a ƙofarmu, wani yana buga jikinta yana cewa ta zo, ta zo. Muryar na gane. Na bar kwalbar a buɗe na fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ga shi nan tsaye, ya ɗan rame, riƙe da galan na manja. Duk maganganun da na shirya suka tashi. Na juya wajen shagon tela na ɗaga murya na ce a fito a ga wanda ya gudu. Mutane suka taru ana ta sannu da zuwa, ni kuma ina ta washe baki kamar ni na haife shi.

Sai na zagaya bayan motar don in sa a fara sauke kaya. Babu komai a ciki. Igiyoyi ne kawai, da kwalaye a ninke, da buhunan tsumma irin wanda ake sa wa faranti a tsakani don kada ya fashe.

Na ce, “Maƙwabci, ina kaya?”

Ya ce mu shiga daga ciki. Na ce ba inda zan shiga, ya faɗa mini a nan, a gaban waɗanda suka ce ya gudu. Na tambaye shi kai tsaye ko tsoro ne.

Ya ce, “Tsoron wa, Malam? Na ci jarrabawar ne. Sun ce in zo makarantar in zauna in yi karatun gaba ɗaya. Sun tambaye ni wanda ya koya mini, na ce wani malami ne mai sayar da turare a Azare.”

Ya ce tun Janairu yake kokawa da kansa. Madam, matarsa, ta ce ya karɓa, shekaru suna tafiya, ba za a sake kiransa ba. Shi kuma kullum sai ya ce gobe zai yanke shawara. Ya ce ya so ya aiko da saƙo, amma ya san halina, bai so in ji daga bakin wani ba.

Na ce, “Da na sani, wallahi da a juye na koya maka. Da na ce maka tukunya ce namiji.”

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba. Gaskiya na ji daɗi da ba tsoro ba ne, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Amma nan take wani baƙin ciki ya maye wurin, wanda ya fi na farko. Da tsoro ne da na san yadda zan yi da shi, da na kai shi gaban Alhaji da mai unguwa, na yi ta masifa har ya sauya ra'ayi. Wannan kuwa ba ni da bakin magana. Abin da ya ce yana sha'awa a wurina shi ya samu, kuma ni na riƙa buga masa cokali har ya same shi.

Na ciro makullin daga aljihu na ba shi, ya ba ni manjana, kamar yadda aka saba. Washegari muka yi lodi. Tela ma ya zo ya kama, a nan muka shirya ba tare da kowa ya ce komai ba. Ni ina ta faɗa da 'yan dako, wannan ya riƙe da kyau, wancan kada ya jefa, alhali ba abin da suka yi. Alhaji ya biyo ta wurin, ya yi wa Mai Kwano fatan alheri, ya ce mini ai ga shi ya dawo kamar yadda na faɗa. Na ce eh, ya dawo. Da aka zo kan kofin nan da tukunya da cokali, na kwashe su na kai shagona na ce waɗannan ba inda za su. Ya ce dama ba shi da niyyar ɗauka.

Kafin azahar shago ya zama fayau, sai katakai da rubutun alli. Ya share ƙasa da kansa, ya jawo ƙofa, ya datse kwaɗo. Direba yana ta danna ham. Sai ya juyo ya miƙo mini makullin, yadda hannunsa ya saba duk Disamba, ya buɗe baki ya ce, “To Malam, sai na...” Ya tsaya. Muka dubi juna.

Na karɓa na ce, “Allah ya kiyaye hanya, maƙwabci.”

Gidan Alhaji ba nisa, a kan hanyata ta zuwa gida yake. Na wuce ta ƙofarsa da yamma ban tsaya ba. Makullin ya kwana a aljihuna, da safe na kai masa.